Zanen Ƙirji

"Tsaya mana, Yaya, sai motsi kike yi," in ji Auta, tana riƙe da biro.

"Ke ce hannunki ke rawa kamar kin yi sata. Cakulkuli kike min."

Mai ɗinki tana zaune a bakin gado, ta ɗaga hannun hagu sama, ƙanwarta tana bin layukan da ke ƙirjinta. Mako bakwai ke nan da aka zana su a asibiti. Bayan an cire mata mama saboda ciwon daji, likita ya ce saura gashi da inji, don a ƙone abin da wuƙa ba ta kai ba. Aka kwantar da ita, aka auna, aka ja layi uku da baƙar tawada. Aka ce kada ruwa ya taɓa su, nan injin zai bi. Washegari injin ya lalace.

Tun ranar ba ta yi cikakken wanka ba. Tsumma take jiƙawa ta goge jiki, ta kewaye ƙirjin. Amma gumi ba ya jin magana. Da layukan suka fara dusashewa sai Auta ta sayo biro, duk bayan kwana biyu ta maimaita su.

"Ga shi nan, ya fi nasu kyau," Auta ta ce.

"Sai su ɗauke ki aiki."

Mota biyu suka hau kafin su isa asibitin. A ta biyun wani ya zunguri gefen Mai ɗinki da gwiwar hannu, ta cije leɓe. A ƙarƙashin hammatarta wani ƙullutu ya fito tun makon jiya, kamar ƙwallon dabino. Ba ta gaya wa Auta ba.

Barandar asibitin ta cika fiye da kullum. Wata mata da suka saba zama benci ɗaya ta kamo hannunta. "'Yar'uwa, an gyara! Tun shekaranjiya yake aiki."

Mai ɗinki ta zauna a hankali. Ta duba kusurwar da wani tsoho mai tari yake zama, ta ga buhun wani a wurin. Ba ta tambaya ba.

Sai bayan azahar aka kira ta. Ɗakin da sanyi, injin fari ne ƙato, yana ƙugi a hankali. Ta cire riga ta kwanta. Mai injin ya sunkuyo, ya daɗe yana kallo, sannan ya dangwala yatsa a layin ya duba yatsan.

"Wa ya yi wannan?"

"Gogewa yake yi, ranka ya daɗe, shi ne ƙanwata take bi."

"Da biro?" Ya kira nas. "Zo ki gani. Wannan layin ya sauka, wannan ya karkace. Baiwar Allah, in na kunna a kan wannan, huhunki zan ƙone."

"To a sake zanawa mana. Ga ni a kwance."

"Ba haka ake yi ba. Sai an sake hoto, an sake awo. Tashi ki sa riga, akwai mutane."

Nas ta buɗe babban littafi, ta yi ta juya shafi, ta rubuta rana a kati. Nan da mako tara.

"Sista, akwai wani abu da ya fito min a hammata."

"Ranar sai ki nuna wa likita." Ba da faɗa ta faɗa ba. Idonta ya yi ja, ga mutum fiye da hamsin a bayan ƙofa. "Da kin zo mun maimaita miki da kanmu."

"Ba wanda ya ce min in zo."

Nas ta riga ta kira suna na gaba.

A bakin ƙofar asibiti Auta ta durƙusa ta fashe da kuka. "Ni na cuce ki, Yaya. Ni na kashe ki."

"Tashi, kina tara mana jama'a. Ni na ce ki sayo biron."

Ba su nufi tasha ba. Mai ɗinki ta tsallaka titi ta shiga wani lungu, Auta na biye. Shagon mai maganin gargajiya ne, ƙarami, kwalabe jere a kanta, sassaƙe a cikin buhuna, da benci mai shimfiɗa. Maƙwabta sun sha yi mata kwatancen wurin, ita kuwa takan ce ba ta shan abin da ba a rubuta sunansa ba.

Mai maganin dattijo ne mai furfura a gemu. Ya kashe rediyo, ya zuba mata ruwa a kofi.

"Zauna, 'yata, ki huta tukuna. Tun yaushe kike fama?"

Ta fara daga farko. Ta faɗi ranar da ta ji abin tana wanka, da yankan, da yadda hannun ya daina jan yadi a keke, har masu kawo ɗinki suka koma wurin wata. Ta faɗi ƙullutun hammata. Auta ta ɗago kai da sauri. Bai katse ta ba ko sau ɗaya, sai gyaɗa kai.

"Kin sha wuya," ya ce. Ya ƙulla gari a leda biyu. "Wannan a sha, wannan a tafasa a yi wanka, safe da yamma. Yau za ki fara. Da yardar Allah, kwana arba'in ki zo ki ba ni labari."

Da suka fito Auta ta riƙo mayafinta. "Yaya, matar mai gyaran famfo nan take zuwa. Irin ledar nan na gani a ɗakinta. Ba mun je gaisuwarta ba?"

"Ni na yanka likkafaninta, za ki gaya min?"

"To don me?"

Mai ɗinki ta tsaya ta jingina da bango har numfashinta ya dawo.

"Ya ce yau, Auta. Wata nawa ina yawo, ba wanda ya ce min yau. Kuma ina son in yi wanka."

Auta ta share ido da bayan hannu. "Katin fa? Mu haɗa biyun mana. Ki sha wannan, ranar kuma mu dawo."

Mai ɗinki ta ciro katin daga jaka, ta duba ranar da ke jiki, ta ƙirga da yatsu. Sannan ta miƙa mata.

"Adana shi kada ya jiƙe. Ranar ki zo da wuri, ki ce su bai wa wata matar gurbina. Kada layin ya tafi a banza."

Ta ɗaga hannun dama ta tsayar da mota.