Naɗi na Biyar

Yayana Kuniyasu bai yi aure ba, gwangwanaye ya aura. Shekara arba'in yana tara tsofaffin finafinan 'yan sandan ciki, masu baƙi da fari, har suka cinye ɗaki guda a gidanmu da ke garin Kokura. Ni ce mai share musu ƙura, ko sannu ba na samu.

Akwai ɗaya da bai taɓa kallo ba. Naɗi biyar ne, kowanne a gwangwaninsa, labarin wata mai sayar da taba da aka tsinci gawarta a tashar jirgin ruwa. An ce kwafinsa kaɗai ya rage. Tsoro yake kada injin majigi ya karce shi, don haka ya liƙe bakin gwangwanayen da salatif saboda laimar damina, ya tura su can ƙuryar kabad. In na ce ya kalla, sai ya ce min ba a yi wa irin wannan gaggawa.

Bana likita ya ce idanunsa ba za su kai bazara ba. Ran nan ya kira abokinsa Tsuneo, tsoho mai gyaran majigi, ya ce lokaci ya yi.

Tsuneo na ɓare salatif wani warin tsami ya cika ɗakin. Ya duba cikin gwangwanayen. Sannan ya bayyana mana cewa tsohon fim numfashi yake so. In aka toshe shi, tsamin da yake fitarwa shi ke cinye shi.

"Kai da hannunka ka shaƙe shi, Kuni," in ji shi.

Naɗi huɗu sun lanƙwashe amma sun yarda sun juya. Muka ja labule muka kalla, Yaya ya matso har hancinsa na neman taɓa farin ƙyallen majigin. Fim ne mai kyau, na ji haushin kyansa. A ƙarshen na huɗu ɗan sandan ya tsaya a ƙofar wani gida cikin ruwan sama, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa.

Na biyar ya narke ya dunƙule kamar danƙo. Tausayin Yaya ya kama ni har na kasa kallonsa.

Ya juyo wajen Tsuneo, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Wa ya kashe ta?"

"Wa zan tambaya? Duk waɗanda suka ga fim ɗin sun mutu."