Farantin Cutar Tela

"Kawar da ƙazantar nan daga hancina!" in ji Baba Ƙi-Mutu, yana toshe hanci da hula.

Mai gwajin cuta na asibiti bai kawar ba. Ɗan faranti ne a rufe, cikinsa ya yi fumfuna kamar abincin da aka manta a tukunya. A ciki aka shuka mugunyar ƙafar tela, maƙwabcin Baba, wanda ke kwance can ɗakin marasa lafiya ƙafa na tsiyaya. A kan fumfunar an jera 'yan takardu kamar maɓallan riga, kowace da maganinta.

"Duba, Baba. Waɗannan duk cutar ta tsiro har jikinsu, ba sa yi mata komai, har da jan kafson da kuka saba sha. Wannan da kewayensa ya yi fes, shi kaɗai ke kashe ta. Allura ce, sai tela ya zauna a asibiti."

Baba ya ja tsaki. Mutumin da ya ga bayan sanƙarau, ya ga bayan kwalara, mota ta banke shi ya tashi ya kaɗe riga, shi za a koya wa magani?

A baranda ya ja matar tela gefe.

"Ke 'yata, in kin sa wa ƙudaje guba, ina suke taruwa su mutu?"

"A kan gubar, Baba."

"To! Wanda suka yi wa dafifi shi ne mai kisa. Wancan ko kusa da shi ba su je ba, ta ina zai kashe su? Karatu ya ruɓar wa yaran nan kai."

Aka dawo da tela gida. Baba da kansa yake ɓare jan kafso yana barbaɗa garin a cikin gyambon. Wari ya cika ɗaki, ya fita tsakar gida, masu zuwa dubiya suka koma gaisuwa ta taga.

"Baba, ƙafar nan kamar ba tawa ba," in ji tela.

"Raki ne kawai. Ni da aka ɗinke ni ido biyu ko uffan ban ce ba!"

Ranar da tela ya cika, Baba ya wanke hannu har gwiwa, ya tofar da yawu a kwata.

"Mazan yanzu, jiki kamar takarda."

Da yamma matar tela ta jawo katifar da ya yi jinya a kai ita kaɗai zuwa bayan gida, ta cinna mata wuta. Katifar ta jiƙe da mugunya da yawa, sai hayaƙi kawai take yi.