Dogon Tsini a Gyaɗar Toranke

Sau uku ke nan Zulfa tana sake duba sakamakon a kwamfutarta, zaune a tsakar gidansu a Gaya. Shekara biyu ta kwashe tana neman abin da ke sa gyaɗar gonarsu ta Toranke jure fari. Ta niƙa ta, ta kai garin gyaɗar zuwa ɗakin bincike a Kano, inda na'ura ke farfasa sinadaran gina jiki, ta auna kowane gutsure, ta zana shi kamar tsinin ƙaya a kan layi. Cikin dubban tsinaye, ɗaya ya yi zarra a gyaɗarsu kaɗai, babu shi a ta kasuwar Ajingi. A kansa ta gina digirinta, jibi kuma za ta kare shi a gaban malamai.

Sai yau manhajar kwamfutar ta gano asalinsa: yawun ɗan Adam ne.

"Inna, wa ya taɓa garin gyaɗar nan kafin in tafi da shi?"

Inna Barira ko ɗagowa ba ta yi ba daga tsintar wake. "Wa zai taɓa? Babanki dai ya kwance ledojin ya yi musu tofi. Na gonarmu kawai, ya ce na kasuwa ba ruwansa."

Zulfa ta ji kamar ta kurma ihu. Babu wanda ya ga sakamakon nan sai ita. In ta yi gum, jibi ta gama. In ta buɗe baki, sai baɗi, in ma an yarda.

Ana haka babanta Malam Abdulmumin ya shigo daga masallaci da fara'arsa. "'Yar boko, aiki ya yi kyau? Ƙulhuwallahu ƙafa goma sha ɗaya na tofa masa!"

Haushi da tausayi suka cika ta. Ta kira malaminta a waya. "Dakta, don Allah a ɗage ranar. Tsinin nan ba na gyaɗa ba ne, yawu ne ya shiga."

Malam Abdulmumin ya zauna a bakin turmi, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ni na ɓata miki, ko?"

Zulfa ta matso ta durƙusa, ta sunkuyar da kai gabansa.

"Gobe zan je in yi musu bayani, Baba, kuma tsoro nake ji. Tofa mini a nan."