Safar Ulu da Mai Kemis

"To, yaushe ka fara jin magana?" in ji tsohuwa, tana harar safar ulun da ke ƙafar mijinta.

Shekara da shekaru, da zarar sanyi ya shigo take bin sa da magiya ya sa safa, ya sha ruwan ɗumi, ya shafa mai a gwiwa. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai shi ba jariri ba ne. Amma jiya bazawarar nan mai kemis a bakin titi, wadda duk layin ya san daɗin bakinta, ta faɗa masa sau ɗaya tak. Yau ga shi har da hular sanyi, yana zagaye falo wai motsa jiki.

"Ita fa ta yi karatu, uwar yara," ya ce, yana kurɓar ruwan ɗumi.

"Ni kuwa da na dafa ruwan, jahila ce ke nan?"

"Ta ma ce in koma yau ta auna mini jini."

Tsohuwa ta zari mayafinta.

"Zauna, kada iska ta buge ka. Nawa jinin ne ya hau, ni za ta auna!"

Ta fice, ta maka ƙofa garam.