Amsar da ke Allo

Kwanon samira ya suɓuce daga hannun Adawiyya, ya gangara tsakar gida yana ƙara, kaji suka watse.

"Ke, ja'ira! Kayan ɗakin nawa kika mayar abin wasa?" in ji kakarta, Iya Talatu, tana tankaɗen garin dawa.

Adawiyya ta ɗauko shi tana dariya, ta ajiye shi kusa da 'yan'uwansa huɗu a kan tabarma. Gobe za a yi jarrabawar lissafi ta gama sakandare, kuma da sakamakonta take fatan shiga makarantar ungozoma. Babi ɗaya ya tsaya mata a wuya: na jeri da zaɓi.

"Iya, kwano biyar, hanya nawa za ki iya jera su?"

"Hanya ɗaya. Babba a ƙasa, ƙarami a sama. Shekara hamsin haka nake yi."

"Littafi ya ce ɗari da ashirin."

"A ɗakin mahaukaciya ba."

"To, in maƙwabta suka zo aron uku cikin biyar ɗin fa?"

"Ba zan bayar ba."

"In dai kin bayar, tsohuwa!"

"Mai aro ina ruwansa da wanne ke sama? Ya kwasa ya ba ni wuri."

Adawiyya ta sake duban kwanukan. Abin da ta yi mako uku tana dambe da shi ke nan. Mai jeri ne ya damu da wanne ke gaba. Mai zaɓi bai damu ba. Jera uku cikin biyar hanya sittin ce, amma kowane uku ana iya juya su hanya shida. Ta raba sittin gida shida, goma ta fito. Ta daka tsalle ta rungume tsohuwar, gari ya bule su duka biyun.

* * *

A shekarun nan Shari'a ta kori giya da caca daga garin, amma ba a nuna mata ƙofar ɗakin jarrabawa ba. Washegari ana raba takardu aka kira mai sa idon da aka turo daga Daura, wai ya zo ofis ya ɗan taɓa fura. Furar kuwa da soyayyiyar zabuwa ta zo.

Sai ga Malam Isyaku, malamin lissafi, wanda hanyar Kongolam ta bakin iyaka ta fi ajinsa sanin fuskarsa, don kullum babur ɗinsa na can ɗauke da buhuna. Yau dai ya zo biyan hakkin ɗalibai. Ya yi bisimilla, ya hau zuba amsoshi a allo.

Tambaya ta bakwai ta ce a zaɓi mutum uku cikin biyar su zama kwamiti. Malam ya rubuta sittin, ya ja masa layi biyu.

"Malam, goma ne," in ji Adawiyya.

"Na'am?"

"Zaɓi aka ce, ba jeri ba."

Aji ya ɗauki dariya. Malam Isyaku ya karkaɗe alli daga babbar rigarsa a hankali.

"Sannu, Farfesa. Taimako ne na zo yi saboda Allah. Takardar da na ga ta saɓa wa allo ba za ta shiga ambulan ba. Mai ita ta kai wa kakarta ta duba mata."

Ya fara zagaya benci benci, hannu a baya, yana leƙe.

"Rubuta sittin mana ki huta," ƙawarta Hussaina ta raɗa mata. "Ko amsar gadonki ce?"

Adawiyya ta dubi allon, ta dubi takardarta. Ƙarar takalminsa tana matsowa. Ta rubuta goma, ƙanana ƙanana.

Yara arba'in da bakwai sun ɗaga kai suna kwafa hankali kwance, wani har yana roƙon Malam ya ɗan gusa, ya tare masa layi. Ita kaɗai ta sunkuya. Ta jawo gefen hijabinta ta rufe amsar, kamar wadda ta ɗauki abin wani.