Ƙwarin Gonar Maliki

Shekara talatin Malam Tamba ya yi yana tona gindin gyaɗa da gero daga Ambursa har Argungu, yana tsintar wasu baƙaƙen ƙwari masu wari da ke zama cikin ƙasa suna tsotsar saiwa. Mutane sun yi masa dariya har sun gaji. Shi ko a jikinsa. Sai ya soke kowanne da allura, ya maƙala 'yar takarda, ya jera a durowar ɗakin ajiyar ƙwari na makarantarsu a Birnin Kebbi, yana cewa wata rana za a neme su.

Ranar kuwa ta zo, amma bayan ya yi ritaya. Masu haɗa taswirar inda irin ƙwarin nan ke zaune a ƙasar nan suka aiko wa Munira, wadda ta gaji kujerarsa, cewa ta turo bayanai. Sharaɗinsu ɗaya ne: ƙwaron da ba a san takamaiman inda aka kama shi ba, ba zai hau taswira ba.

Munira ta jawo durowa, warin kafur ya bugi hancinta. Ƙwari ɗari huɗu da sha biyu, lafiya lau. Da ta karanta 'yan takardun da ke maƙale da su sai ta ga matsala. "Gonar Maliki, bayan girbi." "Gindin tsamiyar Kalilu." Tsohon ya rubuta wuri yadda manomi ke kwatance, ba gari ba gunduma. To, Maliki nawa ne a Kebbi?

Ta ɗauki akwati ɗaya ta shiga motar Argungu. Ta sami Malam Tamba a rumfar gidansa, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya cinye shi. Bai gane ta ba, amma da ganin ƙwarin fuskarsa ta washe.

"Wanga na gonar Maliki na," in ji shi.

"Baba, ina gonar take?"

"Ke ko ɗiyata! Gabas ga tsamiyar Kalilu mana. Kowa ya san ta."

"Tsamiyar fa, wane gari?"

Ya sunkuyar da kai, sunan garin ya ɓace masa. Matarsa Baiwa ta ja Munira gefe ta ce, "Bar shi hakanan. Ni ban taɓa bin shi daji ba, kuma waɗanda sunka yi yawon da shi duk sun riga mu gidan gaskiya."

Munira na sa takalmi ya ɗago kai. "In taswirar ta hito, ki kawo in ga namu."

"In sha Allahu, Baba," ta ce, kunya ta rufe ta.

Mako uku ta yi tana bin ƙauyukan fadama a kan babur. Ta samu Maliki bakwai, babu wanda ya san Tamba. Tsamiya kuwa, wasu an sare, wasu ambaliya ta tafi da su. Ta dawo ta rubuta "ba a san wuri ba" sau ɗari huɗu da sha biyu, tana yi tana jin haushin tsohon tana kuma tausayinsa.

Taswira ta fito da ɗige-ɗige baƙaƙe birjik a wasu jihohi. Kwarin kogin Rima kuwa, inda Malam Tamba ya yi yawonsa, fari fat, kamar ba a taɓa tona ƙasarsa ba.

Sau biyu Baiwa na bugo waya, wai Malam na tambaya. Munira ta buga taswirar a takarda, ta ninke, ta sa a jaka. Yau wata biyu ke nan tana wuce tashar motar Argungu ba ta tsayawa.