Yankan Kirsimeti a Gidan Mati

Mati ya rasu da damina, lokacin da masara ta fara goyo. Da Kirsimeti ta matso, sai mutanen ƙauyensu, can gefen Kafur, suka riƙa yi wa matarsa Lauratu kallon tausayi, suna cewa bana ta huta, ba wanda zai ga laifinta in ba ta ɗora tukunya ba. Ba maganar da ta fi wannan ɓata mata rai. Tun tana amarya ba a taɓa yin Kirsimetin da kwanukan shinkafa da nama ba su fita daga gidan Mati sun shiga kowane gida a unguwar ba, na Kirista da na Musulmi. Ta ce a ranta mutum ɗaya aka binne, ba a haɗa da murhunta ba.

Sai ta tashi haiƙan. Ta shafe ɗakuna da farar ƙasa, har da ɗakin marigayi da ba mai kwana ciki. Ta sa aka faskara itace, ta aro manyan tukwane, ta tsince shinkafa har wuyanta ya ƙage. 'Yarta Rifkatu ta zo daga Funtua ta kafa kaskon cincin a tsakar gida, tana soyawa tana ci, cin ya fi suyar sauri. Mijin Rifkatu ma ya zo, Oluwole, Bayarabe haifaffen Funtua mai sayar da kayan gyaran babur. Hausa a bakinsa kamar ta Bakatsine. Mutumin kirki ne, sai dai duk abin da ba shi da inji bai san kansa ba.

Al'adar gidan kuwa, Mati bai taɓa yanka dabbar Kirsimeti da hannunsa ba. Amininsa kuma maƙwabcinsa Malam Shitu shi ke zuwa da wuƙa ya yanka, don kowa a unguwa ya ci hankali kwance. Bana Malam Shitu ya tsufa, idonsa ya yi rauni. An ba shi tabarau a asibiti a Malumfashi, amma ya jefa shi cikin tulun ajiya, ya ce yana sa shi kama da mai karɓar haraji.

Abin yankan wani jan taure ne mai karyayyen ƙaho ɗaya, wanda Mati ya sayo a kasuwar Bakori kafin ciwo ya kwantar da shi. Shi ne abu na ƙarshe da ya shigo da shi gidan a kan babur. Lauratu ta yarda a yanka, don saboda haka aka saye shi, amma ba ta son a yi a kan idonta. Saboda haka da safiyar jajibere ta ɗauki tumatir da tattasai za ta injin niƙa, daga can ta wuce majami'a koyon waƙar zumuntar mata.

Da yake suruki ne, Lauratu ba ta kallon Oluwole ido da ido, ba ta kuma kama sunansa, sai dai ta kira shi da sunan 'yarsa, Baban Funmi. Tana tsaye a bakin ƙofa, shi yana durƙushe kansa a ƙasa, ta dubi katanga ta ce, “Rifkatu, ki gaya wa Baban Funmi, in Malam ya zo ya kama masa. Jan ne, yana bayan rumbu.”

Rifkatu, baki cike da cincin, ta ce, “Ka dai ji.”

Oluwole ya ce, “To, Mama.” Yana da tambaya a bakinsa, kunya ta sa ya haɗiye ta.

A majami'a Lauratu ta yi waƙa har muryarta ta dushe, don kada ta tuna abin da ake yi a gida. Da ta dawo, rana ta ɗaga, ta tarar an gama. Nama ya cika baho, fata a shanye bisa danga, Oluwole na tsaye da jini har gwiwar hannu yana murmushi kamar wanda ya kashe zaki.

Ya dubi matarsa ya ce, “Ki gaya wa Mama bai ba mu wahala ba ko kaɗan. Ko igiya babu a wuyansa, amma yana ganin Malam ya taho da kansa.”

Lauratu ta ajiye niƙan da ta shigo da shi. Taurenta da igiya ta bar shi. Kuma tauren nan ba mutumin da ya taɓa zuwa wurinsa da kansa, sai in zai tunkuye shi. Ta leƙa gindin turmi inda aka ajiye kai da ƙafafu. Kan na nan, ja wur, da ƙahoni biyu lafiyayyu, ko kwarzane babu.

Ta san kan. Duk unguwa an san shi. Ɗan Gata ne, tauren Hajiya Ummukulsum, matar Malam Shitu, wanda kullum ke kutsowa ta ɓular danga ya cinye dusar gidan Mati. Hajiya ta raine shi tun uwarsa ta mutu, da koko ta shayar da shi, a ƙofar ɗakinta yake kwana.

Lauratu ba ta gama buɗe baki ba sai ga sallama. Hajiya Ummukulsum ce, ta ci ɗamara, da wuƙarta a hannu, ta zo taya aiki kamar yadda take yi duk shekara.

“Maman Rifkatu, sannu da hidima! Allah ya ji ƙan rai. Kai, wanga nama da kitse yake! Marigayi dai ya san dabba. Ina kan? Ba ni in babbake, ku yara ba ku iya ba.”

“Hajiya, tsaya, akwai maganar da...”

“Ba wata magana, zauna ki huta.”

Ta sunkuci kan ta kunne, ko duba shi ba ta yi ba, ta cusa cikin wutar kara. Gashi ya kama ƙauri. Ta zauna bisa kujera 'yar tsuguno tana juyawa tana ba da labari.

“Ni yau da haushi na tashi. Ɗan Gata tun safe ban sa shi a ido ba. Na dama masa kokonsa har ya huce. Halan bai leƙo nan ba?”

Lauratu ta ce, “Ya leƙo.”

“Na sani! Maras kunya. Bari ya dawo, sai na ja masa kunne.” Ta ciro kan daga wuta, ta riƙe shi da kunnen, ta hau kankara da wuƙa.

Rifkatu, da ta lura da fuskar uwarta, ta daina tauna. Oluwole ya matso yana tambayar ko a ƙaro kara.

Lauratu ba mace ce mai ɓoye magana ba. Amma ta hango kwanukan da ta wanke ta jera a bakin ɗaki, ta hango su gobe suna dawowa a rufe yadda suka tafi, ana cewa shekarar da Mati ya mutu gidansa ya ciyar da mutane dabbar maƙwabta. Ta sake cewa, “Hajiya, ki ajiye wuƙar nan tukuna.”

Daidai nan aka ji wani kuka mai kaushi daga zaure. Jan taure mai ƙaho ɗaya ya shigo yana jan guntuwar igiyar da ya tsinka, cikinsa ya yi tumbi da harawar gonar wani. Ya ratsa tsakar gida a hankali, ya shinshina bahon nama, ya yi atishawa, ya wuce ya sa baki cikin kwandon cincin.

Hajiya ta dubi tauren. Ta dubi abin da ke hannunta. Ta tashi ta je ga fatar da ke bisa danga, ta juya ta. A cinyar hagu ga tabon ƙunar da Ɗan Gata ya samu ranar da ya faɗa murhunta yana ƙarami.

Salatin da ta saki sai da kaji suka haye rumbu.

Oluwole ya zube ƙasa rub da ciki irin gaisuwar garinsu, yana cewa, “Hajiya, ja aka ce mini! A bayan rumbu aka ce mini! Na je bayan rumbu na ga ja!”

Hajiya ta ce, “Kai ɗan nan, tashi, kai ko jaki aka shafa wa jar ƙasa kamawa za ka yi. Wa ya yanka? Wa ya sa wuƙa?”

Rifkatu ta ruga ta kira Malam Shitu. Ya shigo yana dogara sanda, yana fara'a, a zatonsa hanta aka gasa masa.

Ya ce, “Maman Rifkatu, ai na so in yaba miki tun ɗazu. Ban taɓa yanka dabba mai ladabin wannan ba. Har lasar hannuna ya yi. Na ce Allah sarki, kamar ya san ni.”

“Ya san ka mana!” in ji Hajiya. “Ya san ka, Malam! Wa ke cinye maka goro a aljihu in ka kishingiɗa?”

Ta ɗora masa ƙonannen kan a hannu. Malam Shitu ya shafa ƙaho, ya shafa ɗayan, ya kawo shi dab da hancinsa. Fara'ar ta tafi.

Ya ce, “Ikon Allah. Kwanansa ne ya ƙare.”

“Kai ka ƙarar da shi! Ina tabaran da aka ba ka?”

“Idona lafiyarsa lau, Hajiya. Rana ce ta haske ni.”

“A inuwar rumbu?”

Kafin a jima mata sun cika gidan, wasu na jaje, wasu na toshe baki da gefen gyale. Lauratu ta tsaya gaban Malam Shitu ta yi tambayar da ke cin ta.

“Malam, gaya mini gaskiya. Naman nan mutane za su ci gobe, ko in haƙa rami?”

Malam ya gyara murya, ya ɗan samu ƙarfin gwiwa da aka zo fagensa. Ya ce, “To, yanka dai ya yanku, ba shakka a ciki, ni na yi shi. Amma dabbar wani ce. Ba ya ciwuwa sai mai shi ta yafe.”

Kowa ya juya ga Hajiya. Ita kuwa ta koma kan kujera ta zauna tana share hawaye da bayan hannu, toka ta yi mata gashin baki.

Lauratu ta je ta kama igiyar taurenta, ta fizgo shi daga kwandon cincin, ta jawo shi gaban Hajiya. Ta miƙa igiyar. Amma hannunta ya ƙi sakin ta. Ta tuna ranar da Mati ya shigo da dabbar ɗaure a bayan babur, yana dariya, yana cewa an rage masa kuɗi saboda ƙahon.

Ta ce, “Hajiya, ga shi. Ba zai zama Ɗan Gata ba, amma shi ke gare ni.”

Hajiya ta dubi hannun, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dubi tauren, wanda ya fara tauna bakin zanenta.

“Wanga mummunan? In kai shi ina? Dube shi, fuska kamar ta mai bin bashi.” Ta fizge zanenta. “Na karɓa, nawa ne. Amma nan zai zauna, ke za ki kiwata mini shi. Kuma ba mai yanka shi sai na ce.”

Lauratu ta naɗe igiyar a hannunta.

Hajiya ta miƙe ta gyara ɗamara ta ɗaga murya yadda har na bayan danga za su ji. “Nama kuma na yafe. Na yafe wa gidan Mati, na yafe wa ɗan Funtua, na yafe wa unguwa, babba da yaro, kowa ya ci ya ƙoshi. Ban da mutum ɗaya.”

Malam Shitu ya ce, “Haba Hajiya.”

“Ai kai ka faɗa, sai mai shi ta yafe. Ko ba haka ka ce ba?”

Malam ya waiga neman mai taimako, bai ga kowa ba, da ma ba gani yake sosai ba.

Ranar Kirsimeti, bayan an taso daga sujada, kwanuka suka fita daga gidan Mati kamar kowace shekara. Hajiya da kanta ta tsaya kan tukunya tana zuba nama, tana gaya wa duk wanda ya zo ɗauka cewa da koko aka kiwata shi, a ci da mutunci. Oluwole ke rarrabawa a kan babur, kowane gida sai an tsayar da shi an tambaye shi ko zai zo ya kama musu kaza. Kwanukan suka riƙa dawowa a suɗe, wasu da gyaɗa a ciki, wasu da ƙwai. Lauratu na karɓa tana jerawa. Sau ɗaya ta shiga ɗakin marigayi ta jima, ta fito ta wanke fuska ta ci gaba.

Na Malam Shitu ita ta kai masa da kanta har zaure, shinkafa fara da mai da yaji, da zoɓo, da cincin a leda. Ya buɗe kwanon, ya laluba da cokali har ƙasa, ya rufe. Ƙamshin miya na shigowa daga kowane gida.

Ya rage murya ya ce, “Maman Rifkatu, shin ɗan romo fa? Ai romo ruwa ne.”

Ta ce, “Kai ne malami. In ka ce ya halatta, yanzu in kawo.”

Daga cikin gida Hajiya ta yi gyaran murya.

Malam Shitu ya shafa gemu. Can ya yi ajiyar zuciya, ya jawo kwanon gabansa ya ce, “Ƙaro mini yaji.”